Mota Ɗaya, Makullai Biyar

Kwana biyu kun ji ni shiru. Wallahi ba da gangan ba ne, hidimar jinya ce ta sha kaina. Waɗanda suka zo gida duba Baba da waɗanda suka aiko da gaisuwa, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Yau ina so in ba ku labarin makullan motarmu. Na san wani zai ce don Allah ina abin ba da labari a makullin mota? Ni ma haka da na ɗauka, sai da abin ya kusa raba ni da yayana, ya kuma kusa sa mu rasa mahaifinmu a ƙofar gida.

Duk wanda ya san rumfarmu a kasuwa ya san motar. Fijo ce 504, doguwar nan ta ɗaukar kaya, fara, amma ƙofarta ta gaba ta hannun dama shuɗiya ce. Yaran unguwa "Tsohuwa" suke ce mata, kuma ba su yi ƙarya ba, domin ta girme ni nesa ba kusa ba. Ga waɗanda ba su sani ba, a 1968 kamfanin Peugeot ya fara ƙera 504 a Faransa, a 1975 kuma aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri da ke Kaduna. Su Faransawan sun daina yin ta tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa har gobe in ka shiga Panteka a Kaduna, ko kasuwar kayan gyaran mota ta Zuba, da wuya ka nemi wani abu na jikinta ka rasa.

Baba ya baro Maraɗi ne a 1986, yana saurayi, bayan yunwar nan ta 1984 da mutanenmu ke kira El-Buhari, saboda a lokacin ne aka rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya daina shiga. Da aka buɗe iyaka sai ya biyo wani kawunsa. Lokacin ana tsakiyar ginin Abuja, leburori da magina da direbobi duk a Suleja suke kwana, kowa kuwa sai ya ci abinci. Ya fara da tallar albasa a baro, ya koma kasa ta a ƙasa, har Allah ya ba shi rumfa. A 1998 ya sayi motar a hannun wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Kaduna. Ita ta ɗauko mahaifiyata ranar da ta tare a 1999, ita kuma ta dawo da ni daga asibiti da aka haife ni a 2000. To ka ji matsayinta a gidanmu, mai karatu.

Lokacin da Baba ya saye ta, in ji shi, makullai biyu ne kacal: na tayarwa ɗaya, sai ɗaya da ke buɗe ƙofofin gaba biyu da but. Sannu a hankali suka hayayyafa. A 2009 ɓarayi suka zura wani abu a kubar ƙofar direba suka lalata ta, aka sayo wata tsohuwa aka sa, ta zo da nata makullin. A 2014 wata tirela ta goge su a hanyar Kaduna, ƙofar dama ta lotse, aka sayo shuɗiyar nan a Panteka, ita ma da kubarta da makullinta. A 2019 makullin but ya karye a ciki, aka canja. Sai kuma 2023, da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, aka fara zuƙe mana mai da tiyo cikin dare. Baba ya sayo murfin tanki mai makulli. Biyar ke nan.

Abin da ya kamata in lura da shi tun da wuri, ban lura ba, shi ne yadda Baba ya rarraba su. Shi dai bai taɓa cewa makulli ba, "lakile" yake cewa irin na mutanen gida. Na tayarwa da na tanki suna aljihunsa, ko wanka zai shiga da su yake shiga. Na ƙofar direba yana hannun Yaya, domin shi ke tuƙi tun da idon Baba ya fara rauni. Na but yana hannuna, domin ni ke lodi, ni ke riƙe da littafin lissafi tun da na gama sakandare. Na shuɗiyar ƙofa kuwa, Hajiya ya ba, wato uwargidansa, mahaifiyar Yaya. Ita ke zama gaba duk tafiyar da za a yi, sai ya miƙa mata cikin raha ya ce ga lakilen ɗakinki na mota. Ta rasu a 2017, Allah ya jiƙanta. Tun daga ranar ban sake ganin makullin ba, ba a kuma sake buɗe ƙofar daga waje ba. In wani zai zauna gaba, sai direba ya miƙa hannu ya buɗe masa ta ciki.

Ni da Yaya uba ɗaya muke, uwa kowa da tasa. Ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Ba zan ce muna gaba ba, amma duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san abin da ake kira 'yan'ubanci. Ba a faɗa, ba a zagi, sai dai gaisuwa ta gajarce. Bayan ya yi aure ya koma Madalla da zama, abin da ke haɗa mu kullum shi ne motar nan. Da asuba zai hau acaɓa ya zo, ya shiga ya gaida Baba ya karɓi na tayarwa, ya buɗe ƙofarsa, ni kuma in buɗe but. Babu wanda zai iya fita da ita shi kaɗai. Na sha yin ƙorafi a kan haka. Na ce Baba, mutane mota ɗaya makulli ɗaya, mu kamar masu gadin kurkuku. Sai ya yi dariya ya ce, "Bar su nan, Auta. Kowane lakile ya san mai shi."

A wani dare cikin watan Disamba na 2024, ana tsananin sanyin hunturu, wajen ƙarfe biyu, Inna ta buga min ƙofa tana salati. Na shiga ɗakin Baba na same shi a ƙasa kusa da buta. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki, yana son ya yi magana harshe ya ƙi. Dama yana da hawan jini, kuma ba kullum yake shan magani ba. Na laluba aljihun rigarsa na ciro na tayarwa, na fita a guje. Sai da na isa jikin motar na tuna cewa ba ni da abin buɗe ta.

Na buga wa Yaya waya, tana kashe. Na ce bari in shiga ta baya tunda na but yana hannuna. Ina ɗaga murfin sai na yi arba da buhunan albasa har rufi, domin da yamma ni da kaina na yi lodin da za mu kai da safe. Na fara jan buhu ina jefarwa, hannuna na rawa. Inna kuma tana ɗaki tana zazzage akwatuna tana neman makullin Hajiya. Layinmu babu mai mota, kuma ba a ɗora mutum a wannan hali a kan babur. Allah ya taimake mu da wani maƙwabcinmu Bagware, tsohon soja, wanda hayaniya ta tashe shi. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauki dutse ya fasa gilashin ƙofar baya, ya zura hannu ya buɗe. Muka kakkaɓe gilasan, muka shimfiɗa bargo, muka kwantar da Baba a kujerar tsakiya. Motar ma sai da aka tura ta kafin ta tashi, saboda sanyi.

Ban duba agogo ba, amma na san mun ɓata abin da ya kai minti ashirin a ƙofar gida. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a irin wannan ciwo kowane minti yana da muhimmanci, domin muddin jini bai isa wani sashe na ƙwaƙwalwa ba, sashen mutuwa yake yi a hankali. Bai ce jinkirinmu ne ya jawo wani abu ba, ni ma ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar. Amma minti ashirin ɗin nan sun zauna min a rai. Baba ya yi kwana goma sha shida a kwance. Alhamdulillahi ya dawo gida da ransa, magana tana fita kaɗan-kaɗan, hannun dai har yanzu sai a hankali.

Tun muna asibiti na ƙudura cewa sai na mai da makullan nan ɗaya. Ban shawarci Baba ba, na ce ba shi da lafiya. Ban shawarci Yaya ba, na ce zai ja maganar. Gaskiyar magana kuma, a raina ina jin haushinsa, ina ganin da bai tafi da makulli Madalla ya kashe waya ba, da ba haka ba. Ranar wata Laraba na ce masa ya bar min na ƙofar direba zan kai ta a sa gilashi. Bayan an sa gilashin sai na zarce bakin tasha, wurin wani matashi mai yankan makulli. Na gaya masa buƙatata. Ya ce ƙaramin aiki ne, wanne nake so ya riƙa buɗe duka? Ban yi wani tunani ba na miƙa masa nawa, na but. Ya ce in je in sha shayi in dawo. Kafin awa ɗaya ya gama. Na gwada a ƙofar direba ta buɗe, na gwada a shuɗiyar ƙofa, wadda ta shekara bakwai ba ta ga makulli ba, ita ma ta buɗe, sumul kamar an shafa mata man shanu. Kuɗin da ya karɓa bai kai na cin abincin rana biyu ba. Na dawo gida ina jin kaina kamar na ci gari da yaƙi.

Da Yaya ya ji, bai ce komai ba sai "To, madalla. Yanzu kai ne mai mota ke nan." Na ce ba haka ba ne Yaya, zan yanka maka naka. Ya ce a'a, ka riƙe. Ya ajiye tsohon makullinsa a kan benci ya tafi. Kwana uku bai zo da asuba ba, sai dai ya wuce rumfa kai tsaye, da yamma ya biyo ya duba Baba, ya fita ba tare da ya kalli inda nake ba.

A kwana na tara da yin aikin, na fito da asuba na tarar da ƙofar direba a sake. Ba a fasa gilashi ba, ba a lanƙwasa komai ba. An buɗe gaban motar an cire batir, an ɗauke jak, an kuma tafi da wata leda da na manta a kan kujera, mai ɗauke da magungunan Baba na wata guda da na sayo daren jiya, da takardun gwajinsa. Na tsaya kamar an dasa ni. Na tabbata na kulle, don har sau biyu na ja mariƙin.

Yaya ya zo da hantsi da ya sami labari. Ya zagaya motar, ya duƙa ya leƙa ramin kubar. Sai ya shiga zaure ya ɗauko tsohon makullinsa da ya bari a benci, ya zura, ya murɗa, ta buɗe. Ya karɓi sukundireba a hannun mai faci na bakin layi, ya zura bakinta, ya murɗa, ta buɗe. Ya je shuɗiyar ƙofa, haka. But, haka. Yara sun taru suna kallo. Ya juyo ya ce da ni, a hankali, ba da tsawa ba, "Auta, ba haɗa maka makulli aka yi ba. Cire maka kuba aka yi." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Garin gyaran gira na rasa ido. Na koma bakin tasha neman yaron, aka ce ya yi tafiya.

Dole aka gaya wa Baba, tunda maganinsa ne ya tafi. Na durƙusa a gabansa na faɗi komai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, da harshensa mai nauyi, "Wa ya aike ka?" Na ce babu kowa. Ya ce, "Mi lakile ya yi maka?" Na ce Baba, daren nan ne ya tsorata ni. Ya yi shiru. Can ya ce a kira Yaya. Da ya shigo, Baba ya ce mu tafi mu biyu, ba ɗaya ba, wurin wani dattijo da ya sani tun zamanin da yake tallar baro, mai gyaran kuba a gindin wata bishiya ta wajen tsohuwar kasuwa. Ya ce mu kai masa duk makullan. Sannan ya nuna wa Inna ƙarƙashin katifarsa da hannun hagu. Ta ɗaga, ta ciro wani ɗan gwangwanin alewa. A ciki akwai carbin Hajiya, da katin asibitinta, da makullin shuɗiyar ƙofa ɗaure da jan zare. Ashe daren nan da Inna ke zazzage akwatuna, yana ƙarƙashin inda Baba ya faɗi.

Dattijon nan ya kai shekara saba'in. Teburinsa ɗan ƙarami ne, da magagari iri-iri, da ɗan matsi na ƙarfe, da gwangwanayen madara cike da tarkace. Muka gaishe shi, ya tambayi jikin Baba, ya yi masa addu'a. Ya sa Yaya ya cire kwalin ƙofa, ya zare wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da kubar, ya fito da ita a tafin hannunsa. Ya zaro ƙaramin bututun da makulli ke shiga, ya ɗaga shi a rana ya ce, "Samari, ku leƙa. Kun ga ramukan nan a jere? Kango ne. An kwashe mutanen gidan."

Ya yi mana bayani, kuma zan maimaita shi a nan yadda na fahimta, don wani ya amfana. A cikin bututun nan akwai wasu 'yan fallaye na tagulla, siraran gaske, kowane a raminsa, kowane da ɗan sifirin da ke tura shi waje. Idan babu makulli a ciki, kawunansu suna leƙowa su shiga wani kwari a jikin kubar, sai bututun ya ƙi juyawa. Kullewar ke nan. Kowane falle yana da taga a tsakiyarsa inda makulli ke ratsawa, kuma tagogin ba tsayinsu ɗaya ba. Haƙoran makulli su ke jan kowane falle daidai gwargwadonsa. In makullin na gidan ne, duk kawunan sai su koma ciki su yi daidai da jikin bututun, ya juya. In baƙo ne, ko falle ɗaya ya rage a waje, ba za ta buɗe ba. To mai son ya sa kuba ta karɓi wani makulli, aikinsa shi ne ya zura makullin, ya ga fallayen da suka leƙo, ya riƙa musanya su da wasu har kowane ya kwanta. Aiki ne na haƙuri. Shi kuwa yaron tasha, sai ya zazzage su duka ya zubar. Kubar da ba falle kuwa, duk abin da ya shiga raminta maigida ne.

Na tambaye shi ko za a iya haɗawa har da na tayarwa. Ya karɓa ya gwada a bakin kubar ƙofa, ya ƙi shiga. Ya ce kun gani, wannan jikinsa daban ne, kwarin da ke gefensa ba irin na ƙofa ba ne, kuma sai makulli ya shiga rami tukuna ake maganar haƙora. Na tanki ma haka, ba na Fijo ba ne. Amma ƙofofi biyu da but duk 'yan gida ɗaya ne, za su haɗu. Sai dai fallaye babu. Ya aike mu Zuba mu sayo tsofaffin kubobin 504 guda huɗu, ko da babu makullansu, don cikinsu kawai yake so. Muka hau mota ɗaya ni da Yaya. Tun daga Suleja har muka wuce Dutsen Zuma babu wanda ya ce uffan. A Zuba wani Ibo mai jin Hausa kamar jakin Kano ya zazzago mana kwali guda, muka zaɓa. Yaya ya yi ciniki, ni na biya.

Da muka dawo, dattijon ya baje makullan ƙofa uku a kan tebur ya ce, "To, wanne za mu mai da uwa?" Na yi shiru, Yaya ya yi shiru. Ni na san in na ce nawa na maimaita laifi, in na ce nasa kuma kamar ina neman sulhu da baki ne. Dattijon bai jira mu ba. Ya ɗauki na Yaya ya shafa da babban yatsa ya ce wannan ya sha murɗa shekara goma sha biyar, haƙoransa sun zama dasashi. Ya ɗauki nawa ya ce wannan ba na asali ba ne, yankan kasuwa ne, ƙarfensa taushi gare shi. Ya ɗauki mai jan zare, ya juya shi, ya ce, "Wannan fa? Kamar ba a taɓa aiki da shi ba." Yaya ya ce, "Na mahaifiyata ne, Baba. Ta rasu." Dattijon ya ce Allah ya jiƙanta, ya ƙara da cewa shi ne mai kaifin haƙora, kuma in za a gina kuba, a kan makulli mai lafiya ake ginawa, domin in ka gina a kan wanda ya cinye, duk wanda ka yanka daga gare shi ya gaji lalacewar.

Ya fara bayan azahar, bai gama ba sai dab da magariba. Yana ɗaukar falle da ɗan hantsaki, ya sa, ya zura makulli, ya duba, ya cire, ya sa wani. Sifirin ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙasa, muka duƙa mu uku muna nema, Yaya ya gano shi. A nan ne ma muka fara dariya tare. Na tambayi dattijon me ya sa ba zai goge kan wanda ya leƙo da magagari ba, a huta. Ya ce ana yi in abu kaɗan ne ya rage, amma duk falle da ka goge ka rage masa gadi, in ka goge da yawa ka koma gidan jiya. Da ya gama bai ce mu gwada sabon ba. Ya ce mu fara gwada tsofaffin. Na Yaya ya shiga ya ƙi juyawa. Nawa ya ƙi. Sukundireba ta ƙi. Sannan ya miƙa wa Yaya mai jan zare, ya buɗe ƙofar direba, ya buɗe shuɗiya, ya buɗe but. Ya goga bakin fensir a jikin makullin ya zura sau biyu, ya ce kada mu kuskura mu ɗura baƙin mai a ramin, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama laka. Kuɗinsa ya ninka na yaron tasha sau huɗu, kuma ko kwabo ban nemi ragi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, a hanyar komawa gida akwai abin da ya ɗan sosa min rai. Na ce wato yanzu motar da ta ɗauko uwata amarya, makullin kishiyarta ne zai riƙa buɗe ta ko'ina. Da daddare na faɗa wa Inna haka, ina zaton za ta taya ni. Sai ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Matar da ta yi maka wankan jego tare da ni, ta goya ka ina kasuwa? Da ita da makullin duk sun riga ka zuwa gidan nan." Ban sake tayar da maganar ba.

Mun yanka guda uku daga na Hajiya. Ɗaya wurin Yaya, ɗaya wurina, ɗaya a rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin Inna, inda kowa a gidan ya sani, tare da na tayarwa na biyu da Baba ya yarda aka yanka bayan doguwar muhawara. Sharaɗinsa shi ne wannan na ƙusa ba a taɓa shi sai rai na cikin haɗari. Na asalin mai jan zare ya koma gwangwani, tare da tsofaffin biyu da ba sa buɗe komai yanzu, domin Baba ya ce a ba shi kayansa. Na tayarwa kuwa har yau yana aljihunsa, shi da ba ya iya riƙe sitiyari. Duk mai son mota sai ya shiga ya gaishe shi ya karɓa. Ban taɓa tambayarsa ko da gangan ya rarraba mana makullan tun farko ba, shi ma bai faɗa ba. Abin da na sani shi ne Yaya ya dawo zuwa da asuba, kuma yanzu ba ya kashe waya da dare.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2025 Baba ya ce yana son ya ga gida. Rabonsa da Maraɗi tun kafin a rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ko da aka buɗe a watan Maris na 2024 bai samu zuwa ba. Bakanike ya yi kwana uku a kan Tsohuwa, muka kama hanya: Kaduna, Zariya, Funtuwa, Katsina, muka kwana, da safe Jibiya, Ɗan Isa, sai Maraɗi. Baba ne a gaba, a shuɗiyar ƙofa, kuma Yaya ne ya buɗe masa ita daga waje. A hanya yake ba mu tarihin da ya saba ba mu, cewa Maraɗi da Suleja 'yan'uwan juna ne: sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa waccan, na Zazzau kuma suka kafa wannan, har sunanta Abuja kafin a ɗauki sunan a ba sabon babban birni. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, ake cewa Sarkin Zazzau Suleja. Ya ce saboda haka kada wanda ya ce mana baƙi a Suleja, garin ma na waɗanda suka baro gida ne. Mun yi kwana shida muka dawo lafiya, sai taya ɗaya da ta yi faci a wajen Funtuwa.

'Yan'uwa, da yawanmu a nan tsofaffin motoci muke ja, kuma na san ba gidanmu kaɗai ke da tarin makullai ba. In za ka kai a haɗa maka, kada ka je shan shayi, tsaya a kan aikin ka ga abin da aka cire da abin da aka mayar. In an gama, fara gwada tsohon makulli da sukundireba kafin sabon. Ka kai makullin da ya fi lafiya, ba wanda ka fi so ba. Ka ajiye ɗaya a inda mutanen gida suka sani, kada kuma ka kwana da mota cike da kaya alhali akwai dattijo mai hawan jini a gida. In kuma motar ta gidanku ce ba taka kai kaɗai ba, ka yi shawara kafin ka taɓa.

Ina roƙon ku ci gaba da sa Baba a addu'a, an ce a ci gaba da gashi da motsa hannun. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.